Fau Da Labarin Shanye-Ruwa: Yadda Ƙarya Ta Ari Rigar Gaskiya

A wannan wata mun ga ya dace mu tsaya a gida, mu yi magana a kan garinmu na Fau da ke jihar Gadarif, tare da wani abu da ya faru a ajinmu, wanda da farko ya ba mu dariya, amma daga baya ya hana mu barci.

Bayan da aka sake buɗe makarantu daga dogon hutun dole da yaƙi ya jawo mana, mun ba yaran ajinmu aikin insha'i, muka ce kowa ya rubuta abin da ya sani game da ƙaramar hukumarsa. Aiki ne da kowane malami ya saba bayarwa, kuma amsoshin ma kusan an san su tun kafin a buɗe littafi. To amma akwai wani yaro ɗan kimanin shekara 13, mai yawan shiru a aji, wanda ya kawo mana abin da ba mu taɓa gani ba. Da Larabci ya rubuta, ga kuma fassarar wani ɓangare nasa:

"Fau ƙaramar hukuma ce a jihar Gadarif. Tana kan titin kwalta da ya haɗa Wad Madani da Gadarif. A nan hedikwatar gandun noma na Rahad take. Ana noma auduga da gyaɗa da dawa. Labari da ɗumi-ɗuminsa: majiya mai tushe ta tabbatar da cewa Shanye-Ruwa ya sake fitowa daga kogonsa na Dutsen Fau a daren Talata. Ya kafa bakinsa na ƙarfe a babbar tur'a, ya zuƙe ruwan ƙauyuka uku. Yana da jirage marasa matuƙi guda 40 da suke yi masa leƙen asiri. Ya ce in ba a kai masa buhu 1,000 na gyaɗa ba, ranar Juma'a zai sauko kasuwa. Yawancin mutanen Fau manoma ne da makiyaya, kuma suna son baƙi."

Haka ya yi ta tafiya har shafi biyu, layi ɗaya na gaskiya, layi ɗaya na Shanye-Ruwa. Muka karanta wa aji, yara suka yi ta dariya har da masu faɗuwa daga benci. Muka ba shi maki mai kyau saboda basirarsa, muka kuma rage masa kaɗan saboda ya kauce wa tambaya. A zatonmu maganar ta ƙare ke nan.

Ashe wani wansa ya ɗauki littafin a gida, ya karanta shi da irin muryar masu labaran rediyo, ya tura wa abokansa ta WhatsApp don raha. Bai karanta layin farko ba, inda yaron ya rubuta sunansa da ajinsa da kalmar "insha'i". Bayan kwana uku muna zaune wajen mai shayi sai muka ji labarin ya dawo mana, amma ya sauya kama. Bakin ƙarfe ya ɓace, sunan Shanye-Ruwa ma ya ɓace. Abin da ya rage shi ne wai wasu mutane ɗauke da makamai sun ɓuya a dutse, su ne suka tare ruwan tur'a, kuma ranar Juma'a za su sauko. Da muka koma unguwa, muka tarar wata dattijuwa da ke maƙwabtaka da mu, wadda ta yi gudun hijira daga Jazira, ta riga ta ƙulle kayanta a zane, tana neman wanda zai ranta mata kuɗin mota zuwa Gadarif.

"Ustaz," in ji ta, "ni na gudu sau ɗaya a makare. Ba zan sake ba."

"Iya, ki kwantar da hankalinki," muka ce mata, "wanda ya ƙago wannan labari ɗalibinmu ne, gobe ma za mu kawo miki shi ki gan shi."

Sai da ta ga yaron da littafinsa, da jan biro ɗinmu a gefen shafi, sannan ta kwance ƙullin.

ABIN DA YARON YA FAƊA DAIDAI

Kafin mu zo ga ƙaryar, ya kamata mu ba yaron haƙƙinsa, domin duk abin da ya faɗa game da Fau gaskiya ne, sai dai mu ƙara masa. Garin yana gindin duwatsun da ake kira Jabal Fau, a gefen filin Butana, a kan babban titin da ya taso daga Khartum ya bi ta Wad Madani da Gadarif da Kasala har zuwa Bur Sudan a bakin Bahar Maliya. Ya fi kusa da Madani a kan Gadarif, shi ya sa duk abin da ya taɓa Jazira, mu ne farkon masu jin ɗuminsa a wannan jiha.

Abin da ya mai da Fau gari shi ne gandun noman rani na Rahad, wanda a nan muka fi sani da "mashru'i". An fara aikinsa a zamanin shugaba Ja'afar Numairi, da taimakon Bankin Duniya da ƙasashen Kuwaiti da Saudiyya da Amurka, aka kuma soma noma a cikinsa a 1977. Faɗinsa tun farko fadan 300,000 ne, wani ɓangare a jihar Gadarif, wani a jihar Jazira. Ga wanda bai sani ba, fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya. An raba ƙasar ga manoma kimanin 14,000, kowane ɗaya da hawasha mai fadan 22, aka gina musu ƙauyuka fiye da 40. Waɗannan ƙauyuka lamba aka ba su a maimakon suna, kuma da yake ƙauye da Larabci shi ne "ƙarya", mu Hausawan wurin mukan tsokani juna mu ce a Fau ƙarya ma lamba gare ta.

Ruwan mashru'i daga wuri biyu yake zuwa. Na farko kogin Rahad ne, wanda ya taso daga tsaunukan Habasha ya je ya faɗa Shuɗin Nilu kusa da Madani. Shi wannan kogi na damina ne, da rani ya yi sai ya ƙafe ya bar tafkuna, saboda haka aka yi masa madatsa a Abu Rakham don a karkato ruwansa yayin da yake gudu. Na biyu kuwa manyan injinan famfo ne da aka kafa a Mina, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinja, waɗanda ke ɗago ruwa su zuba a wata doguwar magudana. Wannan magudana sai ta ratsa ta ƙarƙashin kogin Dindir a cikin bututu kafin ta iso Rahad. Wato ruwan da manomi ke buɗe wa gyaɗarsa a nan, ya yi doguwar tafiya, ya kuma bi ta hannun mutane da injina masu yawa.

Batun son baƙi ma yaron bai yi ƙarya ba. A yunwar 1985 an kawo dubban 'yan gudun hijira daga Habasha aka sauke su a sansanoni kusa da garin, kuma wanda ake kira Fau 5 ya daɗe shekara da shekaru. Mu kanmu Hausawa baƙin jiya ne da suka zama 'yan gida. Kakanninmu wasu hanyar Hajji ce ta kawo su a ƙafa, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ne ya kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar, daga nan jama'a suka bazu a bakin Shuɗin Nilu da Dindir da Rahad, har Mafaza da Hawata da Gadarif. Da aka buɗe gandun Jazira a 1925, da kuma na Rahad bayan shekara 52, hannun Bahaushe yana cikin waɗanda suka tsinci audugar.

TO WANE NE KE SHANYE RUWAN?

Da muka kira yaron gefe muka tambaye shi inda ya samo wannan dodo nasa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ustaz, gyaɗar babana ta bushe, kuma duk wanda na tambaya inda ruwan ya tafi, sai ya ce in yi shiru." Ya ce kamannin dodon a finafinan waya ya gan su, maganar Juma'a kuwa daga kakarsa ya ji, wadda takan ba su labarin macijin rijiyar Kusugu a Daura, mai hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a.

Wannan amsa ta sa jikinmu ya yi sanyi, domin tambayar yaron tana kan hanya, mu manya ne muka gaza ba shi amsa. Ko shakka babu akwai masu shanye ruwan tur'a, sai dai ba su da kogo a dutse. Na farkonsu laka ce. Ruwan da ke gangarowa daga Habasha da damina ja ne wur saboda ƙasar da ya ɗebo, da zarar ya shiga tur'a gudunsa ya ragu sai lakar ta kwanta, kowace shekara cikin tur'a yana ƙara cikewa, in ba a sa motocin yashe ba sai ta ɗauki rabin abin da aka gina ta ta ɗauka. Sai ciyayin ruwa da ke toshe hanya, da bishiyar miskit mai ƙaya, wadda aka shigo da ita ƙasar nan don tare hamada amma ta zame wa gonakin gabas alaƙaƙai. Injinan Mina kuma suna buƙatar wutar lantarki da kayan gyara daga waje, kuma mai karatu bai manta ba cewa daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba na 2024 garin Sinja kansa yana hannun dakarun RSF, waɗanda muka fi sani da Da'amus Sari'i.

Har ila yau, akwai namu laifin, wanda ba mu cika son a ambata ba. Manomin da hawasharsa ke farkon tur'a yakan buɗe abu ishirin ɗinsa ya tafi ya kwanta, ruwa ya malale har kan hanya, alhali na ƙarshen layi yana tsaye da fitila yana jiran ɗigo. Wani ya fasa gefen tur'a da dare, wani ya bar shanu su tattake ta, wani kuma ya ƙi biyan kuɗin ruwa amma shi ne farkon mai ƙorafi. Duk waɗannan abubuwa ne masu magani, sai dai maganinsu yana da wahala da tsada, kuma yana buƙatar a zauna a fuskanci juna. Dodo guda ɗaya a cikin dutse ya fi sauƙin zargi, tun da ba maƙwabcin kowa ba ne.

ME YA SA MANYA SUKA YARDA?

Bai kamata a yi wa wannan dattijuwa dariya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mun ga abubuwan da a da za mu rantse ba za su yiwu ba. A watan Disamba na wannan shekarar Wad Madani ta faɗi cikin 'yan kwanaki, muka wayi gari titin Fau cike da mutane, wasu a mota, wasu a keken jaki, wasu a ƙafa da jarirai a baya. Makarantunmu suka koma masaukin 'yan gudun hijira, garinmu ya zama bakin daga fiye da shekara guda, har zuwa 11 ga Janairu 2025 da sojoji suka sake karɓar Madani. Jirage marasa matuƙi da yaron ya ba dodonsa, na gaske sun kai hari birnin Gadarif a Afrilu 2024. A watan Fabrairu na shekarar kuma layukan waya da intanet sun ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka koma dogara da "an ce" da "wai". Duk wanda ya rayu cikin wannan hali, in ya ji an ce ranar Juma'a za a sauko, ƙulle kaya shi ne hankali a wurinsa.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damun mu a matsayinmu na malamai. Gaskiyar da ke cikin insha'in ita ce ta ɗauki ƙaryar ta kai ta nesa. Da a ce labarin ya faru ne a wani gari da ba a sani ba, babu mai kulawa. Amma mai sauraro ya ji sunan titinsa daidai, sunan dutsensa daidai, ya kuma san cewa lallai ruwa ya yi ƙaranci a wannan mako. Da ya gaskata layi huɗu, sai na biyar ya shige ba tare da an tsayar da shi ba.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A ranar 30 ga Oktoba 1938 wani gidan rediyo a Amurka ya watsa wasan kwaikwayo da Orson Welles ya shirya, inda aka yi kamar ana katse kiɗa ana kawo labarai masu ɗumi cewa wasu halittu daga duniyar Mars sun sauka a wani ƙauye na gaske a jihar New Jersey. An faɗa tun farko cewa wasa ne, amma wasu da suka kunna akwatinsu a makare ba su ji wannan ba, suka firgita. Haka kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a kashe jita-jitar da ta cika gari gab da Yaƙin Duniya na Biyu.

Kakanninmu sun san wannan haɗari, shi ya sa suka yi wa tatsuniya shinge. Ba a yin ta sai da dare. Mai bayarwa zai ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa masa, in ya gama kuma ya rufe da ƙurunƙus. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu Dodo yana da izinin haɗiye gari, Gizo yana da izinin yin ƙaryar da ya ga dama, babu yaron da zai wayi gari yana neman kuɗin mota. Wayar hannu ita ce ta rushe wannan shinge. Ana yanke farkon magana a yanke ƙarshenta, a tura tsakiyar ga wanda bai san mai maganar ba.

LOKACIN DA AKA MAI DA MU DODO

Akwai abin da ya sa wannan batu ya fi ƙarfin raha a wurin Bahaushen Sudan. Shanye-Ruwa ba shi da ƙabila, amma mun lura cewa a kwana ukun nan da labarin ya yi yana yawo, ya riga ya koma "wasu mutane". Da ya ƙara kwana uku, Allah kaɗai ya san sunan da za a laƙaba wa waɗannan mutane.

Mun ga irinsa da idonmu. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, a yankunan Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, a kan batun ƙasa da sarautar gargajiya. Mutane fiye da 100 suka rasu, dubbai suka bar gidajensu, har Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da wasu garuruwa. A watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka kuma rasa rayuka fiye da 150. Kafin a zaro wuƙa, an daɗe ana wasa harshe a Facebook. A can ma an gauraya gaskiya da ƙarya: gaskiya ne kakanninmu daga yamma suka zo, amma a kan wannan gaskiya aka ɗora cewa mu baƙi ne masu shirin ƙwace ƙasar mutane. Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikinmu ma an sami masu tura hotuna da muryoyin da ba su san asalinsu ba, suna mai da wata ƙabila dodo. Wanda ya ɗanɗana zafin ƙage, shi ya fi cancanta ya ƙi ɗaukarsa ya kai gaba.

ABIN DA MUKA YI, DA KIRAN DA MUKE YI

Ba mu doki yaron ba, ba mu kuma hana shi rubuta Shanye-Ruwa ba, domin basira baiwa ce daga Allah, kuma yaran da suka ga abin da waɗannan suka gani suna buƙatar inda za su sauke tsoronsu. Abin da muka yi shi ne muka rubuta insha'in a allo, muka ba aji alli fari da alli ja, muka ce a ja farin layi ƙarƙashin duk abin da za a iya zuwa a gani ko a tambayi wanda ya sani, a ja ja ƙarƙashin wanda ba shi da mai shi sai "majiya mai tushe". Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, ita majiya mai tushe a wace ƙarya take zaune?" Aji ya sake fashewa da dariya, mu kuwa muka san darasi ya shiga. Daga baya muka gayyato wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin buɗe ƙofofin tur'a, ya zana musu tafiyar ruwa a ƙasa da sanda, tun daga Mina har hawashar iyayensu. Yaron yana nan yana rubuta labaransa a wani littafi dabam, wanda ya rubuta wa "Tatsuniya" da manyan baƙaƙe a bango.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da su koya wa yara garinsu da kyau, da sunaye da shekaru da dalilai, domin wanda ya san inda ruwa yake fitowa da wuya a ruɗe shi da inda ya tafi. Muna kira ga iyaye, idan yaro ya yi tambaya a kan abin da ya dami gida, a ba shi amsa gwargwadon hankalinsa, kada a kore shi. Muna roƙon limamanmu su riƙa tunatar da jama'a aya ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Matasa masu waya kuma, kafin ka tura murya, tambayi kanka wane ne ya faɗa, yaushe, kuma ina farkon maganar. In ba ka sami amsa ba, bar ta ta kwana a wurinka. Manoma kuma su koma ga ƙungiyoyinsu a zauna a kan batun yashe tur'a da bin layin ban ruwa tun kafin damina ta faɗi.

Ita kuwa dattijuwar nan, har yanzu in ta ga yaron zai wuce makaranta takan kira shi ta ce, "Kai ɗan nan, yaya mutumin naka na dutse?" Shi kuma ya rufe fuska da littafi ya ruga.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya kuma ba mu damina mai albarka, amin.